Ƙafar da Ta Taka Gidajen Suna

A farkon zamanmu a unguwar Ɗan Iya, matata takan yi watanni ba ta ga al'ada ba. Mu ɗauka ciki ne, sai kuma jini ya zo. Gashi ya fito mata a haɓa, ƙuraje suka cika fuska, jiki ya yi ta ƙaruwa. Mahaifiyata, da ke kiwon shanu a ƙauyen Miri, ƙibar ce ta burge ta, har ta ƙara furar da take aiko mana.

A asibiti aka ɗebi jini, aka yi hoton mara. Likitar ta nuna mana ƙwayayen haihuwa sun jeru kamar carbi, sun ƙi ƙosawa balle su fito. Ta ce akwai magani, amma sai an rage nauyi, an riƙa tafiya da ƙafa.

Na ce, "Likita, matar aure ta riƙa zaga unguwa ba dalili?"

Matata ta ce, "Malam, bar ni da wannan."

Da can gidan suna ta fi gudu, don ba a rasa mai cewa, "Ke kuma sai yaushe?" Daga ranar kuwa babu barka, suna ko dubiya da ke wuce ta, kuma ta daina hawan keke mai ƙafa uku. Ta yafa mayafi ta taka, wani lokacin har can Tirwun, duk da nisanta. Takan dawo tana jan ƙafa, ta ce, "Yau ma sun tambaya. Na ce su taya ni addu'a, na ci loma biyu na taso."

Furar Inna kuwa ba ta taɓa mayarwa ba. Ta karɓa hannu biyu, ta kurɓa, saura ta raba wa maƙwabta.

Ni nawa aikin shi ne karanta kwalin magani, da ɗan karatun da nake koya a ajin manya. Nakan daɗe a layi ɗaya, tana zaune tana jira, ko da yake ta riga ta haddace.

Sannu a hankali al'ada ta daidaita, likita ta ƙara ƙwayar da ke sa ƙwai ya fito. An daɗe kafin a dace.

Ranar sunan 'yarmu gidan ya kasa ɗaukar mata. Duk inda ta taka sun zo rama ziyara. Inna ta dube ta ta ce, "'Yar nan, kin rame," ta miƙa mata ƙwaryar fura. Ran nan ta shanye.