Tumakin Maƙwabciyata

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Laraba rubutun ya fito. Na san lokacin don na rubuta shi a gefen littafina, kamar yadda nake rubuta komai a shekarun nan. Ina zaune a kafe ɗin intanet na unguwar Takur, a kwamfuta ta ƙarshe, bayan labulen da aka sa wa mata tun da aka fara shari'a. Wani jan akwati ne ya rufe mini gonata a allon. Masu kamfanin wasan da nake yi suna godiya, kuma bayan kwana talatin za su rufe shi gaba ɗaya.

Wasan na noma da kiwo ne. Kowa a ba shi fili, ya shuka, ya yi kiwo, maƙwabtansa kuma mutane ne na gaske da ke zaune a wasu ƙasashe. Ni da ba na iya ɗaga hannu a aji, a can ina gaisawa da kowa. Wadda gonarta ke jikin tawa ita ta koya mini komai da guntun Turancinta. Ban san sunanta na gaskiya ba, ban san ƙasarta ba. Mako uku kafin ranar ta rubuto cewa za ta tafi gidan mahaifiyarta ta haihu. Ta ba ni kalmar sirrinta, ta ce in kula mata da tumakinta goma sha huɗu, don a wasan dabba takan mutu idan ta kwana uku ba ruwa. Na ce na karɓa. A gidanmu ba a faɗin wannan kalma da wasa.

Na ɗaga labule na sami mai kafe ɗin, dattijo mai tsokana wanda ke kirana Hajiya manomiya.

"Malam, idan sun rufe, ina tumakin za su?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ya ga da gaske nake sai ya mayar.

"Hajiya manomiya, garin nan naku ba a cikin kwamfutata yake ba. Yana cikin wata na'ura can a ƙasarsu, tana cin wuta kullum, ga masu kula da ita. Mutane sun watse sun koma wani sabon wasa. Ni ma idan mutum biyu suka rage mini, kashe janareto zan yi."

"To ba za a bar garin ko kufai ba ne? Mutum ya je ya leƙa?"

"Ko kufai."

Duk da haka kullum in na taso daga makaranta sai na biya. In shiga gonarta, in ɗebo ruwa, in ƙirga tumakin, in bar mata saƙo ko za ta leƙo. Ba ni da wata hanyar samunta sai cikin wasan. Maƙwabta suka daina shuka. Wasu suna ta sallama da juna, wasu suna zagin masu wasan, ciyawa ta ci gonaki. Ni kuwa har na rubuta wa kowa cewa ya yafe mini, wani ya amsa yana tambayar laifin me na yi.

Ranar ƙarshe babu wuta, babu kowa a kafe. Malam ya tayar da janareto saboda ni kaɗai, yana mitar cewa shi bai taɓa ƙona mai don ragon da ba ya yankuwa ba. Na ba tumakin ruwa. Ƙarfe biyu na rana allon ya tsaya, da na sake buɗewa sai farin shafi.

Daga baya wasu tsofaffin 'yan wasan suka buɗe zauren hira a intanet, suna sa hotunan gonakinsu, wasu suna cewa za su sake gina garin da kansu. Na yi ta cigiyarta a can da sunanta na wasa. Ba wanda ya san ta. Abin ya tsaya mini a rai: mace ta tashi daga jego ta zo karɓar kayanta, ta tarar ba ni ba su.

Da aka yi hutu na je wurin goggona a ƙauyensu kusa da Jahun. Ita rabin awakin da ke turkenta na mutane ne da suka ba ta kiwo. Tana zuba musu dusa na ba ta labarin, ina jin kunya.

"Tsaya," ta ce. "Tumakin suna cin harawa?"

"A'a, Goggo."

"Suna kashi?"

"A'a."

"Kai, boko! Wannan ai kiwon malalata ne." Ta yi dariya, sannan ta dube ni sosai. "Amma kin ce kin karɓa?"

"Na ce."

"Ranar da aka tashi garin, nawa ne?"

"Goma sha huɗu."

"Sun sha ruwa?"

"Sun sha."

Ta karkaɗe dusar hannunta a zane.

"To, 'yar nan, ba a hannunki suka ɓata ba. Mai ƙasa ne ya naɗe ƙasarsa. Ita ma tana da jariri, ta san abin da ya fi tumaki. Kin sauke."