Babban Tanki

A garin Sabha, can ƙetaren Sahara, ba mu da adireshi, tanki gare mu. Tsohon tankin ruwa ne mai ƙafa huɗu, duk tsatsa, mu 'yan Nijar muna ce masa shato. Duk baƙon da ya sauko daga mota can yake zuwa ya zauna, mu kuma ranar Juma'a in an sauko masallaci sai mu leƙa ko namu ya iso. Ni tsiya ke kai ni. "Sannunku, attajiran gobe! Kai mai takalmi ɗaya, Sahara ta karɓi zakkarta ke nan?"

Da ɗan bokona na aji huɗu na rubuta wa yayana wasiƙa gida: in ka iso ka nemi babban tanki, ka zauna ƙarƙashinsa, kada ka motsa sai na zo. Yayana kuwa in ka ce kada ya motsa, ko kunama ta hau shi ba zai motsa ba.

Wasiƙar ta yi wata bakwai a aljihun direba. Zamanin kuɗin fetur ne, yau ka ga fili, gobe ka ga bene. Kafin yayana ya taso an gina sabon tanki wajen unguwar Sukra, fari fat, ya yi biyun namu. Ni ma na ɗauki siminti a aikin. Ko sau ɗaya wasiƙar ba ta faɗo mini a rai ba.

Wata rana wani ɗan garinmu ya gan ni bakin gareji a unguwar Manshiya.

"Kai ɗan iska, ina yayanka? Mota ɗaya muka shigo, yau kwana goma sha ɗaya."

"Na duba shato ran Juma'a, ba ya nan."

"Wane shaton? Babba ya tambaya, babba aka nuna masa."

Na taka har Sukra. Akwai wani dattijo mai shayi a gindin sabon tankin.

"Baba, ka ga wani dogo mai kunnuwa irin nawa?"

"Mai shuɗiyar tabarma? Kwana tara ya yi nan, yaro. Na samo masa aikin dabino a garin Zighan, ya ce ƙanensa ya ce kada ya motsa. Shekaranjiya 'yan sanda suka zo duba takardu. Kowa ya watse, shi yana zaune. An loda shi mota da waɗanda aka kama, an ce sai iyakar ƙasa."

Ya miƙo mini tabarmar. Na naɗe ta, na sha shayin da ya zuba mini, ban san ko da sukari ba.

Ran Juma'a na koma tsohon tanki, ƙafa ce kawai ta saba. Baƙi sun sauka, har da wani mai takalmi ɗaya. Abokaina suka juyo suna jiran abin da zan ce. Na nuna wa mai takalmi ɗayan famfo, ya je ya sha ruwa.