Ramlat Mai Wankan Gawa

Ranar Laraba, 14 ga Maris 2018, na fara ganin Ramlat. Ta shigo ofishinmu na kago, inda ake aika kaya gida, a unguwar Al Sabkha tana neman sakataren ƙungiyar 'yan Arewa mazauna wannan ƙasa ta Larabawa, wato ni. Na sa sunanta a rajista: 'yar Gusau, matar Mu'awiya, direba a unguwar Al Quoz. Da na tambayi sana'arta sai ta ce, "Wankan gawa, Malam. Wurin kakata na koya." Ta fita, ƙamshin kafur ya wuni a ɗakin.

Cikin shekara biyar ta wanke mata goma sha ɗaya daga cikinmu. Idan ta gaisa da mace, takan bi ta da kallo a hankali daga kai zuwa ƙafa, leɓenta na motsi. Mata sun san yadin likkafani take aunawa, shi ya sa ba sa son zama kusa da ita a taro.

A 2023 ta sami ciki, bayan shekara tara da aure. A wata na uku likitoci suka ce abin da ke cikin ba zai rayu ba, kuma barinsa na iya tafiya da ita. Ita da mijinta suka sa hannu, aka cire a asibiti. Kafin labarin ya zagaya Deira, yankin da muke zaune, ya koma kalma huɗu: ta zubar da ciki.

Aka kira taro ranar Lahadi bayan la'asar, ba a gayyace ta ba. Hajiya Sauda, shugabar mata, ta miƙe ta ce, "Hannun da ya sa hannu a takardar nan ba zai taɓa gawata ba." Aka ce mai son a cire ta daga ƙungiya ya ɗaga hannu. Na ƙirga sau biyu: ashirin da shida cikin talatin da huɗu. A dokarmu, wanda aka cire, ranar da ya mutu ƙungiya ba ruwanta da gawarsa. Ba wanka, ba likkafani, ba rakiya.

Tsarin mulkin ƙungiyar ya ba dattawa uku ikon sake duba duk hukuncin da taro ya yanke. Mu'awiya ya kai musu ƙara. Babbansu, Malam Sanda, tsohon magatakardan kotu ne a Kano. Ya sa na karanta sashe na tara: ba a cire mamba sai an saurare shi, sai kuma ya saɓa wata rubutacciyar doka. Ya nemi a nuna masa dokar da ta saɓa. Ba a samu ba.

Shugabanmu, Alhaji Muhsin, ya ce, "To Baba, ɗaga hannun namu wasan yara ne?"

"Ku ɗaga ku zaɓi shugaba, ku zaɓi ranar walima," in ji Malam Sanda. "Amma ko ku ɗari ne, ba ku hana mutum likkafani da ɗaga hannu. Khalas, magana ta ƙare."

Ramlat na zaune a ƙarshen layi. Ta ce, "Baba, ni ba aikin nake roƙo ba. Tambayata ɗaya ce. Wa zai wanke ni?"

Ta juya ta dubi Hajiya Sauda, daga kai zuwa ƙafa.

"Hajiya, kin rame."

Hajiya Sauda ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta.

Aka mayar da sunanta ran nan, amma ba a sake kiranta wanka ba. Mata biyu suka rasu bayan haka, ma'aikatan maƙabarta ne suka wanke su. Duk da haka takan je ta zauna a bakin ƙofar ɗakin wankan har a fito da gawa.

Ramlat ta rasu ranar 2 ga Fabrairu 2025, sakamakon hawan jini. Da yake sunanta na rajista, ƙungiya ta kawo likkafani, mata takwas suka zo, har da Hajiya Sauda. A cikinsu babu wadda ta iya wanka. Wata ma'aikaciya 'yar Sudan ce ta wanke ta, su suna miƙa ruwa. An binne ta a maƙabartar Al Quoz bayan azahar. Mu'awiya ya koma Gusau a watan Mayu.