Keken da Kowa Ya Ƙi

Keken da kowa ya ƙi, shi aka ba ni. Ranar da aka raba kekuna a likitarmu, wato ƙaramin asibitinmu na ƙasar Dogarawa, ina ciki ina sallamar matan awo, mazan da muke aiki tare suka zaɓe masu lafiya. Na fito na tarar da guda ɗaya jingine da bango, sirdinsa a yage. Wannan rana ba ta fita raina ba har yau, kuma ba na ɓoye wa kowa.

Ku sababbi, bari in faɗa muku aikin. A kwanakin rigakafin shan inna, manjo, wato babban malamin jinya mai riƙe da likita, yana ba kowa akwatin ƙanƙara da kwalaben ɗigo. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tabo mai haske. In zafi ya taɓa maganin, tabon ya yi duhu, sai zubarwa. Ni sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga yaƙi da jahilci, na iya karatu da rubutu, sannan aka ɗauke ni. Ba da arha na samu aikin nan ba.

Keken mai giya ne, ga wani hawa mai tsakuwa kafin ƙauyukan da nake zagayawa. Da na danna feda da ƙarfi sai sarƙa ta yi ƙarat, ta tsallake haƙori, ƙafata ta tafi a banza, ƙaurina ya sha ƙarfe. Dole in sauka in tura. Wata rana cikin bazara na isa ƙauyen ƙarshe rana ta take, ƙanƙara ta zama ruwa, tabo ya yi duhu. Mata suna ƙarƙashin itacen bedi tun hantsi da goyonsu. Na ce su koma gida. Wata ta ce, "Kulu, daka muka bari fa." Na ɗauki akwatina na juya.

Da na koma, Manjo Isuhu ya juya kwalaben a hannunsa, ya ce, "Inna Kulu, in an sake haka, dole in ba mai babur hanyar ga."

Na ce, "Ku kuka ba ni gurgun keke, ɗana. Tsohuwa ce ba ta iya ba, ko ƙarfen ne?"

Ya ajiye kwalaben gefe, ya koma aikinsa.

Ranar kasuwa na kai keken nan Ƙonni wajen mai gyara. Ko dubawa bai yi sosai ba ya ce a cire tarkacen duka, a rage sarƙa, ya koma keke irin na kowa. Haka suke yi wa duk mai giyar da ya shigo hannunsu. Na ƙi, don giya mai laushin nan ita ce ke hawa da ni dutse, gwiwoyina ba na budurwa ba ne. Ya ɗan daddanna, ya ɗaure waya. Keke ya yi lafiya kwana kaɗan, ya koma gidan jiya.

A zagaye na gaba Manjo ya biyo ni a babur, wai duba aiki. Ni na san hukunci ya zo yankewa. A bakin gari muka gamu da maigari. Na sauka ta hagu yadda na saba, akwati a kafaɗata, na saki keke ya kwanta, na durƙusa na gaishe shi. Da maigari ya wuce sai na ga Manjo tsaye kan keken.

"Inna, sau nawa kike sakinai haka a yini?"

"Duk dattijon da na gamu da shi. Ko a tsaye kake so in gaida mutane, kamar jandarma?"

Ya yi dariya, ya kifa keken, tayoyi sama. Ashe a rumfar gyaran keke ta mahaifinsa ya tashi, can Illela. Ya ce in tsaya ta baya in duba ɗan ƙarfen nan mai ƙananan tayoyi biyu, wanda ke ɗaga sarƙa daga haƙori zuwa haƙori. Ya karkace, ya leƙa ciki. Mai sauka ta hagu, in ya saki keke, ta dama yake faɗuwa, kuma a kan ƙarfen nan yake sauka. Kowace gaisuwa tawa sai ta ƙara lanƙwasa shi.

Ya ciro sifana daga babur, ya durƙusa cikin ƙasa da farar rigarsa, ya miƙar da ƙarfen a hankali, don in aka yi masa gaggawa karyewa yake. Sannan ya nuna mini wani ɗan murɗi a inda waya ta shiga. Ina juya feda da hannu, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, har ƙarar ta ɗauke. Sai ya ɓata shi da gangan, ya ce in gyara da kaina. Na yi, na sake yi, har kunnena ya gane lokacin da sarƙa ta zauna. Ƙananan kusoshi biyun da ke gefe kuwa ya ce kada in taɓa su.

Ina jira ya ce in daina durƙuso, mu ɓata. Sai ya ce, "Gaisuwar ga taki ita ka buɗe muna ƙofofi. Mai babur a zaure yake tsayawa, ke kuwa har ɗaki. Keken za mu gyara wa hali."

Ranar na hau dutsen ina zaune a sirdi, na isa da ƙanƙarata da sauranta. Na bar aiki yanzu, amma ba na sallah in manta da yaron nan. Da daga buro, wato ofishinsa, ya yanke hukunci, da tuni ina gida, ana cewa mace ba ta iya ba. Shi ya sa nake ce muku, in aikin wani ya lalace, ku bi shi hanya ku gani da idonku tukuna.

Washegarin gyaran da Manjo ya yi, da sassafe, na tura keken gidan maƙerin garinmu, na ce ya ƙera masa ƙafar tsayawa. Da ya gama ɗaurawa, na kafa keken a ƙofar maƙera, na sake shi, ya tsaya cak. Sannan na durƙusa na yi masa godiya.