Rufin da Badaru Ya Sa Aka Cinna wa Wuta

Badaru magini ne a Gaya. Rufin soro ya iya: azarar giginya, a jera zana, a danne da laka mai kauri. Shekarar da gobara ta cinye rumfunan 'yan kamyo, wato masu manyan motocin kaya, a bakin hanyar Malanbil, kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya hana rufa magaza, wato ɗakunan ajiyar kaya, da ciyawa. Ya ce sai kwano, ko abin da aka gwada aka ga wuta ba ta cinsa.

Kwano na wuyar samu, damina ta kusa. Masu magaza suka zo wurin Badaru, shi kuma ya je wurin Alassan, ma'aikacin gine-ginen gwamnati, wanda ake ce wa Mushe, wato Malam da harshen Turawan mulki.

"Mushe Alassan, zo ka gwada rufina da idonka."

"Baba, ko na gani, ganina ba ya shiga lissafi. Ɗakin gwajin Dakar kawai aka yarda da shi."

"Ka dai zo."

Badaru ya gina ɗan ɗaki bayan kasuwa, ya jibga kara a kansa da gewayensa. Ranar kasuwa aka cinna. Mutane suka ja baya, shi bai motsa ba, zafi na dukan fuskarsa. Laka ta yi ja, ba ta tsage ba. Har an fara kabbara sai Alassan ya nuna kusurwa. Bakin wata azara da ya leƙo waje ya kama, wuta na bin ta ciki. Can aka ji ƙara, gefen rufin ya rufta.

Badaru ya tsuguna cikin toka yana juya itacen da ya ƙone.

"Nan ta shiga," ya ce.

Ya sake gina wani, ya binne bakin kowace azara cikin laka. Aka sake cinna wuta, wannan ya tsaya. Alassan ya yanki guntun rufin, ya sa a kamyo zuwa Yamai, daga can Dakar.

Hadari ya fara haɗuwa, ba amsa daga Dakar. Masu magaza suka gaji, ɗaya bayan ɗaya suka ƙetara iyaka zuwa Kamba neman kwano. Sai bayan girbi amsa ta iso: an yarda. Lokacin magaza biyu kawai suka rage ba rufi. Badaru ya rufa su, sannan ya koma Tunuga wurin 'yarsa Zuliha, inda masu kyafa kifi suka riƙa kiransa yana yi musu ɗakunan da ba sa tsoron tartsatsi.