Matar da Ta Ƙi Ce Mini Da Sauƙi

A daminar da kwalara ta shigo Gure, Innata na cikin waɗanda ta fara kayarwa. Da hantsi tana kwari tana tsinkar yakuwa, kafin la'asar idanunta sun faɗa, muka ɗora ta a amalanke sai gidan likita. An kafa tantuna a bayan ginin, an kewaye su da igiya. Ba mai tsallake igiyar nan sai ma'aikata, su ma sai sun taka ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta.

Ni kuwa a gidanmu an san ni da gajen haƙuri. Duk wanda ya fito sai na tare shi, amsar kuma ɗaya ce: da sauƙi. Haka muke. Ranar da babanmu ya rasu, da sauƙi aka yi ta ce mini har na iso na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tun daga nan in na ji kalmar sai gabana ya faɗi.

Cikin masu jinya akwai wata baƙuwa 'yar siririya daga wata ƙasa ta Asiya, ita ke kula da tantin mata. Washegari na hango ta a inuwar itacen bedi, wajen igiya, ta tanƙwashe ƙafa kan tabarma, ido rufe, ko motsi babu. A wurinmu mace ba ta irin wannan zama da rana tsaka sai an yi rashi. Har wasu tsofaffi daga ƙauyen Gidigir sun durƙusa suna ba ta haƙuri. Na ce shi ke nan, Inna ce, ta rasa bakin faɗa mini.

Na isa gabanta da ɗan Faransancin da na samo a lakwal, makarantar boko.

"Madam, ta cika ne?"

Ta buɗe ido. "Tana da rai."

"To ki ce mini da sauƙi mana."

"Ba zan ce ba, don babu sauƙi tukuna. Jijiyoyinta sun ɓuya, na nemi inda zan sa mata ƙarin ruwa na rasa. Tsoro ya soma kama ni, shi ya sa na fito."

Raina ya ɓaci. Wace irin mace ce wannan, ba ta iya lallashi ba? Ta ga fuskata, ta ce ita mabiyar addinin Buda ce, kuma ta ɗauki alkawarin ba za ta faɗi abin da ba haka yake ba, ko don tausayi. Zaman kuwa ba na makoki ba ne. Numfashinta take bi, shigarsa da fitarsa, har tsoro ya lafa, don mai tsoro ba ya samun jijiya. Ta matsa ta ba ni gefen tabarma.

"Ni fa Musulma ce," na ce.

"Numfashin ai naki ne. Ki ɗora masa addu'arki."

Na zauna, ba don na yarda ba, ƙafafuna ne suka gaji. Ina jan numfashi ina ambaton Allah, zuciyata na gudu tanti tana dawowa. Tsoron bai tafi ba, amma ƙirjina ya ɗan saki, har na sha ruwan da na ƙi sha tun jiya. Ita kuma ta tashi, ta wanke hannu, ta koma ciki.

Kwanakin da suka biyo baya, Allah ya sani, na tsani matar nan. Ta fito ta ce an samu jijiya amma aman bai tsaya ba. Ta fito ta ce Inna ba ta gane mutane. Ranar da aka fito da maƙwabciyar gadon Inna a naɗe, ba ta ɓoye mini ba. Kowa ya wuce da "da sauƙi" ɗinsa, ita sai ta tsaya ta ba ni gaskiya ɗanya, in koma gindin bedi ina kuka ina bin numfashina. Duk da haka, ita kaɗai nake jira ta fito.

Wata safiya ta nufo igiya kai tsaye. Ta sauke ƙyallen bakinta, na riƙe igiyar da hannu biyu. Ba ta yi Faransanci ba. Da karyayyiyar Hausarta ta ce, "Da sauƙi."

Ban tambaye ta komai ba. Na zube a kan rairayi.