Riƙon Ruwa Daga Doguwa Zuwa Bebeji

Doguwa

Ana idar da sallar asuba muka bar gida, ni da Inna, mahaifiyar maiɗakina. Ta daɗe mara na murɗa mata, duk ta rame. Likita ya taɓa ya ji ƙulli, ya ce ba zai ba da magani a makance ba sai an yi hoton ciki, kuma kada a yi jinkiri. 'Ya'yanta maza suna cirani, maiɗakina tana jego, sai jinya ta faɗo kaina.

Likitan ya ce ta sha ruwa da yawa, kada ta yi fitsari sai an gama, don hoton ba ya fita sai mara ta cika. Da ina da hankali da 'yarta na bar wa saƙon, amma sai a tasha na tuna. Jama'a, da wane baki zan faɗi wannan kalma a gaban surukata? Na sayo babbar gorar ruwa, na durƙusa ina kallon tayar mota na ce, "Inna, likita ya ce a sha ruwa, kuma a riƙe shi."

"To, Allah ya yi albarka," in ji ta. Ta kurɓa, ta rungume gorar. Ni kuwa har yaba wa kaina hikima nake.

Tudun Wada

A dajin Falgore, duk ramin da muka faɗa sai na ce, "Direba, a hankali, akwai mai lalura."

"Malam, ita ba ta ce komai ba, kai ne ke ta nishi."

Da hantsi muka isa wani asibiti da aka kwatanta mana. Na'ura tana nan lulluɓe da ƙyalle, amma mai aiki da ita ya tafi kwas, wai mu dawo wani makon. Ni kuwa ban san me ƙullin nan zai zama kafin lokacin ba.

Kwanar Dangora

Nan kuma akwai mai hoto, babu wuta, janareta yana hannun bakanike. Muka zauna a benci har azahar. Tausayin Inna ya kama ni, sai na ce ba za ta wahala ita kaɗai ba: na shanye leda huɗu na ruwa, na ƙi kewayawa. Ita ko sau biyu tana tashi "alwala", ban kawo komai a raina ba.

Bebeji

Da la'asar muka samu wani ƙaramin asibiti mai sola, layi har waje. Ina tsaye ƙafa a harɗe aka kira Inna. Ba a jima ba ma'aikaciyar ta leƙo.

"Wa ya kawo Baba? Mara babu komai! Ba a ce ta riƙe ruwa ba?"

Inna ta ɗaga gorar. "Ga shi, 'yar nan. Tun Doguwa ban ajiye ba."

Ma'aikaciyar ta kalle ni ina rawar ɗari ba sanyi, ta ce, "Da kai za a yi wa hoton, da ya fita tar." Batirin sola ya kusa ƙarewa, aka ce sai gobe. Duk jinkirin da na yini ina zagi, na ƙara masa kwana guda da bakina. Raina ya ɓaci sosai.

Muka sauka gidan wani abokina. Bayan magariba Inna ta sa aka kira ni.

"Malam, ni ban shirya mutuwa don kunya ba. Daga yau abin da likita ya faɗa, ka faɗa mini shi da sunansa."

Da safe na runtse ido na ce, "Inna, kada ku yi fitsari." Ƙasa ba ta tsage ba. Aka yi hoto, likitan wurin ya duba, ya ja ni gefe.

Komawa gida

Mun wuce Tudun Wada kafin ta tambaya. Na ce, "Ƙari ne, Inna. Sai an yi aiki a Kano, kuma cikin gaggawa."

Mun iso Doguwa lafiya, godiya ga Allah, da abokina da ya ba mu masauki. A zaure Inna ta tsaya ta gyara mayafi.

"Ni zan gaya wa mai jego da kaina," ta ce. "Kai ka je ka nemo mana motar Kano."